Mu Zaga Badun Da Ƙafa Mu Ga Tarihinmu

A garuruwan da ke da tsofaffin jami'o'i, kamar Okusfod da Kambirij a ƙasar Ingila, akwai wata al'ada mai kyau: ana samun ɗan jagora wanda ya san gari, ya tara baƙi da ɗalibai, ya bi da su lungu-lungu da ƙafa, duk inda aka zo ya tsaya ya faɗi abin da ya faru a wurin. To, mu ma ai garin jami'a muke zaune, don kuwa jami'ar farko a Nijeriya a nan Badun take. Makarantu kan kai yara su ga Mapo, su ga Gidan Koko, su ga gidan namun daji na jami'a, amma idan aka zo maganar Sabo, galibin mutane tsire da canjin kuɗi kawai suka sani. Abin takaici ma shi ne 'ya'yanmu da aka haifa a nan, da yawansu iyakar saninsu ke nan. Shi ya sa na ga ya dace in jera wuraren da mai son sanin tarihinmu zai bi, daga tsakiyar tsohon gari har ƙofar jami'a.

Farkon tsayawa ita ce kasuwar Oja'ba. Badun ta yau ta kafu ne wajen 1829, a matsayin sansanin mayaƙa da suka taru bayan daular Oyo ta wargaje. Sunan kasuwar ya samo asali daga Iba Oluyole, wanda a zamaninsa ne, wajen 1840, mayaƙan Badun suka tare rundunar Ilori a Oshogbo. Tun a wancan ƙarni akwai Hausawa a garin. Gaskiyar magana, wasu fatauci ya kawo su, wasu kuma bauta ce ta kawo su, suna wanzanci da tukar igiya da kiwon dawaki da shanu a gidajen manyan mayaƙa. Ba su da unguwar kansu, a cikin Yarbawa suke zaune. Babban masallacin gari yana nan Oja'ba, kuma shekara da shekaru a can kakanninmu suke bin sallar Juma'a.

Daga nan taku kaɗan ne a hau tudun Mapo, inda babban zauren nan mai ginshiƙai yake. An sa harsashinsa a 1925, aka gama a 1929, wani injiniya Bature mai suna Taffy Jones ne ya kula da aikin. Sai a bi ta Bere a hau dutsen Oke Are, inda hasumiyar Bower take. An gina ta a 1936 don tunawa da Kyaftin Bower, Razdan na farko da Turawa suka ajiye a Badun a 1893, bayan an ƙare dogon yaƙin Kiriji da aka fara tun 1877. Tsawonta ƙafa 60, kuma wanda ya hau zai hango kusan garin duka da jajayen kwanukansa. Abin da ya kamata ɗan jagora ya faɗa wa yara a nan shi ne sojojin da suka rako Bower Hausawa ne na rundunar Turawa ta Ikko. Wannan ma wani ɓangare ne na tarihinmu, ko mun so ko mun ƙi, kuma ɓoye shi ba zai amfane mu ba.

Idan aka gangaro sai a nufi Dugbe. Gidan Koko, mai hawa 26, wanda aka buɗe a 1965 da kuɗin kokon manoman Yamma, shi ne ke jan ido. Amma ga Bahaushe, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke kusa ta fi shi muhimmanci. Layin dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Kafin lokacin, goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga Gwanja fatake ke ɗauko shi a kan jakuna, tafiyar watanni. Da manoman ƙasar Yarbawa suka shiga dashen irin wannan goron a wajajen Agege da Shagamu, ga kuma jirgi, sai hanyar ciniki ta juya. Huhunan goro su yi Arewa, shanu su yo Kudu, wasu a tarago, wasu a kora su da ƙafa. Wannan ciniki shi ne ya cika Badun da Hausawa.

To, daga Dugbe sai a kamo hanyar Adamasingba, inda filin sukuwa yake a da, a shigo Sabo. A 1916 aka yanka wa Hausawa wannan fili kusa da Mokola, lokacin wurin bayan gari ne. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne ƙorafin da ake yi cewa ɓarayi na fakewa a cikin baƙin da suka warwatsu a gari, don haka aka ce a tara su wuri guda ƙarƙashin Sarkin Hausawa, wanda zai san mai shiga da mai fita. Kun ga ke nan da zargi aka fara. Amma dattawan wancan lokaci suka mai da unguwar cibiyar amana.

Yadda abin yake tafiya kuwa shi ne, mai shanu ya taso daga Arewa bai san kowa ba, sai ya sauka wurin mai gida. Mai gida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, dillali ya sayar wa mahauta Yarbawa, galibi bashi. Ba takarda, ba banki, ba lauya. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai biya daga aljihunsa, shi kuma mahaucin ba wanda zai sake ba shi ko ɗan maraƙi a kara. Goro kuma abu ne mai son kulawa, sai an san yadda ake zaɓe da ɗauri da canza ganye, in ba haka ba ya lalace a hanya. Tsofaffin gidajen nan masu ɗakuna barkatai da muke wucewa kullum ba mu kula ba, don saukar baƙi aka gina su haka.

A masallacin Juma'a na Sabo ma akwai abin faɗa. Wajen 1951 zuwa 1952 ɗariƙar Tijjaniyya ta bazu a unguwar, kuma a 1952 mutanen Sabo suka fara sallar Juma'a tasu, suka daina zuwa Oja'ba. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a cikinmu a 1962 da 1963, ya ƙirga mutum sama da 4,000 a Sabo, ya fitar da littafi a kanmu a 1969 mai suna Custom and Politics in Urban Africa. Ana karanta shi a jami'o'in duniya. Sai mu tambayi kanmu: mutum nawa ne a Sabo suka taɓa riƙe shi a hannu?

Wannan ya isa yini guda. Rana ta biyu a tashi daga Mokola a yi arewa zuwa Sango, inda tsohuwar karar shanu take kafin a ɗauke ta, sa'an nan a zarce jami'a. An buɗe ta a 1948 da ɗalibai 104 a wani tsohon asibitin soja a Eleyele, ta koma inda take yanzu a 1952, ta tsaya da ƙafarta a 1962. Mutanenmu da yawa suna ganin ƙofar nan kamar ba tasu ba ce, alhali 'yan Arewa irin su Malam Adamu Ciroma da Farfesa Iya Abubakar da Farfesa Jibril Aminu a nan suka yi karatu. Ban da wannan, ɗakin karatun jami'ar na ajiye da rubuce-rubucen Larabci na malaman Sakkwato da aka tattaro daga Arewa tun shekarun 1950. A nan ne kuma Murray Last ya yi binciken da ya zama littafinsa na tarihin daular Usmaniyya a 1967. A cikin harabar akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda Farfesa Kenneth Dike ya yi ɗawainiyar kafawa, inda takardun mulkin Turawa na lardin nan suke.

Wani zai ce, to mu 'yan kasuwa ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu kuwa babba ne. Kowa ya tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, inda 'yar hatsaniya ta zama asarar rayuka da dukiya, mutane suka kwashe kaya suka yi Arewa, cikinsu har da waɗanda ba su san kowa a can ba. Ranar irin wannan, kalmar da ake fara jifan mutum da ita ita ce baƙo. Yaron da ya san kakansa ya sauka a nan tun kafin a gina Mapo, zai amsa cikin natsuwa da hujja. Maƙwabcinmu Bayarabe kuma, idan ya ji cewa kakansa mahauci da kakanmu mai gida sun yi shekaru suna ciniki a kan amana ba takarda, zai yi tunani kafin ya biye wa masu zuga.

Shawarata ga shugabanninmu ita ce a ware ranar Asabar ɗaya a kowane hutun makaranta. A nemi dattijo guda mai tuna abubuwa, da malamin Islamiyya guda, da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ke jami'a ya riƙe littafi yana rubutawa. A gayyaci yaran maƙwabta Yarbawa su zo a tafi tare. Kuɗin da za a kashe bai wuce na ruwan sha da motar dawowa ba. A kuma gaggauta, domin dattawan da suka ga zamanin jirgin goro suna ta ƙarewa, tsofaffin gidajen kuma ana rushe su ana yin shaguna. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan wuri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya shiryi zuriyarmu, amin.