BALA MILLER DA MAKAƊANSA: TARIHIN ƘUNGIYAR DA TA SA JITA TA YI HAUSA

Jama'a, yaranmu na yanzu da yawa sun ɗauka kiɗan zamani da harshen Hausa ya faro ne daga finafinan Kano da fiyano. To ba haka abin yake ba. Tun kafin a yi fim ɗin Turmin Danya cikin 1990 akwai wata ƙungiyar makaɗa a Kaduna mai jita da begila da ganguna irin na Turawa, wadda ta yi tashe a Arewa baki ɗaya, kuma tana waƙa da Hausa. Sunanta Great Music Pyrameeds of Afrika, uban tafiyar kuwa shi ne marigayi Bala Miller. Mu da muka taso muna jin ta a Rediyon Kaduna, a rumfunan kasuwa da bakin tasha a nan Potiskum, ya kamata mu bar wa na baya tarihinta tun ba mu ƙare ba.

An haifi Bala Miller cikin 1928 a Pankshin, wadda take Jihar Filato a yau. Mahaifinsa Bazazzage ne, malamin coci, yana cikin Hausawan farko da suka shiga addinin Kirista. Sunan Miller ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau, domin kuwa Likita Walter Miller, Baturen mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin daga baya a mai da mishan ɗin Wusasa. Watau dai shi Bala irinmu ne ta wata fuska: Bahaushe ne da aka haifa a wajen ƙasar Hausa, aikin uba ya yi ta yawo da shi, amma harshen gida bai kuɓuce masa ba.

Da aka tura mahaifinsa Lakwaja, can ya fara taɓa kayan busa na coci. Daga nan ya tafi Ikko karatu a makarantar CMS Grammar School, inda ya riƙa busa a badujala, har ya shiga wadda ake kira Calabar Brass Band. Zamanin nan kuwa, watau shekarun 1950, kiɗan hayilaif ne ke ci a Ikko. E. T. Mensah yana zuwa daga Gana da ƙungiyarsa, ga Bobby Benson, ga Victor Olaiya. Bala ya yi busa tare da Samuel Akpabot, ya kuma yi hulɗa da Olaiya. Amma bai ɗauki kiɗa ita kaɗai ce sana'a ba. Aikin albashi yake yi a kamfanoni, kiɗan kuwa sai an tashi daga ofis. Ko da ya koma aiki a hukumar tashoshin jiragen ruwa ma, sai da ya kafa mata ƙungiyar makaɗa mai suna Harbours Dance Band.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya kasuwar hayilaif, saboda makaɗa da yawa mutanen Gabas ne, suka koma gida. Bayan yaƙi sai samari suka karkata ga kiɗan jita mai ƙarfi irin na Ingila da Amurka, da kuma salon Fela. A Arewa kuwa matsalar daban ce. A al'adarmu kiɗa gadon gida ne, ɗan makaɗi ke zama makaɗi, kuma ba kowane uba ne zai yarda ɗansa ya rungumi jita ba. Shi ya sa yawancin masu kiɗa a otal-otal na Kano da Kaduna da Jos baƙi ne daga Kudu. Gwamnan Kano na farko, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya lura da wannan giɓi, kuma Bala Miller ne ya tsaya a kan aikin kafa makarantar koyon kiɗa a Kano cikin 1973.

Shekarar da ta sauya komai ita ce 1977, shekarar bikin FESTAC, wanda aka yi a Ikko daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Bala yana cikin waɗanda suka shirya ɓangaren kiɗa. A wannan shekara ce ya tara samari ya kafa ƙungiyarsa ta Pyrameeds, ya horar da su da kansa, suka yi ta ƙaruwa har suka kai mutum 28. Mazauninsu shi ne Costain Club a Kaduna. Mu 'yan kasuwa da mun ji sunan sai dalar gyada ta Kano ta faɗo mana a rai, ita da ta ciyar da iyayenmu.

Abin da ya raba su da sauran shi ne, kayan kiɗan na Bature ne amma maganar da ke ciki ta Bahaushe ce. Ba roƙo, ba tumasanci, ba zambo. Waƙarsu da ta fi kowace tashe ita ce Ikon Allah, wadda take tuna wa mutum buwayar Mahalicci, kuma Musulmi da Kirista kowa ya ɗauke ta tasa. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA ya riƙa nuna shirinsa, Bala Miller Show, har mutanen Ikko da Inugu suka san shi. A lokacin nan Shata yana kan ganiyarsa da kalangu, Ɗanmaraya Jos yana nan da kuntiginsa, amma ba wanda ya tare wa wani hanya. Direban da ya ɗauko shanu daga kasuwarmu zai sa kaset ɗin Shata, in ya ƙare ya sa na Bala.

To me ya kwantar da irin wannan ƙungiya? Duk wanda ya taɓa riƙe yaran shago ya san amsar. Ciyar da mutum 28 da biyansu da motar ɗaukar kaya ba ƙaramin jari ba ne. Da aka shigo da tsarin SAP cikin 1986 darajar naira ta faɗi, kayan kiɗa kuwa duk daga waje ake sayo su, ko tsirkiyar jita ce ta tsinke sai an nemi kuɗin waje. Ga masu kwafar kaset a kasuwa, su sayar su ci riba, mai waƙa ko sisi. Sa'an nan fiyano ta zo a shekarun 1990, yaro guda a ɗaki ya fitar da amon da a da sai mutum ashirin sun haɗu. Bala Miller ya rasu cikin 2003, yana da shekara 75.

Amma iri bai ƙare ba, ya dai tsallaka iyaka ne. A Yamai, cikin 2000, Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ma'aikacin kotu, ya kafa ƙungiyar Tal National, masu jita da kalangu, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Faifansu Kaani ya fito cikin 2013, Zoy Zoy cikin 2015, Tantabara cikin 2018, sun kuma yi wasa a Amurka da Turai. Su wasan biki da na dandali ne ya riƙe su, har sukan rabu gida biyu su yi wasa wuri biyu a dare guda.

Kiranmu ga 'yan ƙungiya shi ne, duk mai tsohon faifan garmaho ko kaset na Bala Miller a adaka ko a sito, kada ya bari zafi da gara su gama da shi. A kawo wa sakatare a juye a kwamfuta a mayar wa mai shi kayansa. Mu da muke zaune a ƙasar Ngizim da Bolewa da Karekare, harshen nan shi ne babban abin da muka zo da shi, kuma ga wani da aka haifa a Pankshin ya kai shi gaban duniya. Allah ya sa 'ya'yanmu su san darajarsa, amin.