Daga Duma Zuwa Amada

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma rainon yara ba. Ƙwarya za mu ɗauko mu kifa, mu ji tarihin da ke cikinta.

In kin bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma a tsakiyar damina, lokacin da shamuwa ta daɗe da sauka, gawo kuma ya kaɗe ganyensa shi kaɗai cikin itatuwa, ki dubi dangar gidajen bakin hanya. Za ki ga duma ya yi yaɗo, da farin furensa wanda ba ya buɗewa sai da yamma. Da kaka a yanke shi, ya bushe, a fafe. Daga nan muka samu abin dama fura, daga nan kuma iyayenmu suka samu ganga.

Ai kin san mace a kulle ba ta da kalangu. Sai ta jera ƙore a kife, manya da ƙanana, ta kifa ɗaya a kan ruwa cikin masaki, ita ce mai amon nan da ake ji har cikin ƙirji. Masu bincike sun ce asalin kiɗan yana haɗe da bori, sannu a hankali ya rabu da shi ya zama na biki da suna. Shi ne amada. Maza ba su shiga, saboda haka abin da mace ba ta iya faɗa wa miji ko uwar miji, a nan take amayar da shi, a yi guɗa, a yi dariya, a tashi.

Da gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, muryoyin maza suka fi cika shi, irin su Mamman Shata na nan Musawa kusa da mu, wanda ya rasu a 1999. Amma zamanin kaset ya fito da namu fili. Uwaliya Mai Amada ta yi tashe a Kano, sannan ga Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, haifaffiyar ƙasar Funtuwa. Barmani ta yi wa kishi waƙa, ta yi wa haihuwa, ta kuma matsa wa mata lamba su kama sana'a tun ba a fara kiran taro a otal a kan wannan magana ba. Wasu na cewa bakinta ya yi kaifi. To, gaskiya akwai baitocin da ba zan so 'yata ta rera gaban baƙi ba. Sai dai ban san malamar da ta sa mata da yawa suka fara ƙuli-ƙuli da kitso kamarta ba. Ta rasu a watan Maris na 2013, Allah ya jiƙanta.

Kada ki ɗauka masu amada daban, masu bege daban. Kakata a Kurfi, bakin da ya yi amshi a gidan biki da dare, shi ne da hantsi yake rera Imfiraji a bakin turmi. Ba ta karatun boko, ba ta ajami. A bakin makafi masu bara ta haddace, waƙar Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi ma makaho ne. Watan Mauludi kuwa sai Ishiriniya, tana bin Larabcin da ka. Wannan hanya tsohuwa ce: tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta waƙa jajinta ke kai wa matan karkara ilmi.

Me ya faru? Injin niƙa ya zo, waƙar niƙa ta tafi. Roba da silba suka kori ƙwarya. Gidan biki ya koma na lasifika. Sannan tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Kurfi, Safana, Batsari da Dutsin-Ma, aka daina kai dare a taro, amada kuwa 'yar dare ce.

Da na je gida na tambayi masakin kakata, sai aka nuna mini shi a bayan rumbu, kaza na kwanci a ciki. Na sa ƙanwar mahaifina ta tuno mini amshi ko ɗaya in ɗauka a waya. Ta yi baiti biyu, ta tsaya, ta ce sauran yana wurin wance, wance kuwa mun yi sadakar bakwai ɗinta da daɗewa.