Tsamiyar da Ba a Sarewa: Wuraren Bautar da Littattafanmu Suka Tsallake

Rubutun yau na tarihi ne, amma zan faro shi da wata asara da na tafka da kaina, ko Allah zai sa wani a cikinku ya tsira daga irinta.

A wani ƙauye da ke tsakanin Kankiya da Kusada, inda dangin mahaifiyata suke, akwai wata tsohuwar tsamiya a tsakiyar gona. Mai huɗa idan ya zo kusa da ita sai ya karkata shanunsa ya kewaye. Ba a sassabe gindinta, ba a tsintar ƙiraren da suka faɗo daga jikinta, kuma tun muna yara aka hana mu zuwa wurin da tsakar rana ko da almuru. Da na girma na fara rubuce-rubuce, sai wata rana na tambayi ƙanin kakana, na ce, "Baba, wai mene ne labarin tsamiyar can?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai dai ka dawo in an gama kaka mu zauna, zancen yana da tsawo. Tun ba a kafa masallacin garin nan ba ake zuwa gindinta."

Kaka uku ta wuce ban koma ba. Ranar da na koma, ta'aziyyarsa ce ta kai ni. Bara kuma aka sayar wa masu gawayi da itaciyar, yanzu kututture kawai ya rage. Duk wanda na tambaya a garin, abin da yake iya ce mini shi ne, "An dai ce akwai iskoki." Su wa ke zuwa, me suke kaiwa, a wane wata, me suke roƙo, yaushe aka daina, duk sun bi tsohon nan kabari.

Idan aka ce a lissafa tsoffin wurare masu alfarma a ƙasar Katsina da Daura, kowa zai ambaci hasumiyar Gobarau, da kabarin Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani, da rijiyar Kusugu. Daga nan sai baki ya mutu. Alhali kafin Musulunci ya zauna da gindinsa, da wuya a sami gari ko unguwar manoma da ba ta da wurin da take girmamawa: dutse, ko kurmi, ko tafki, ko kuka, ko tsamiya. A cikin gida ma akwai jigo, inda mai gida ke yi wa iskokin da ya gada yanka, abin da ake kira kan gida. Akwai bukukuwa masu lokaci, irin su buɗar dawa. Me ya sa kaɗan ne daga cikin waɗannan suka shiga littafi? Saboda tarihinmu rubutacce a fada da zauren malamai aka rubuta shi. Marubucin fada yaƙi da sarauta ne a gabansa, malami kuwa ba ya ambaton gidan tsafi sai ranar da aka rushe shi.

Mu duba Durɓi ta Kusheyi, a ƙaramar hukumar Mani, arewa da mu. Sunan da kansa ya faɗi abin da ke wurin, domin kusheyi jam'in kushewa ne. Tuddai ne da aka tara a kan kaburburan manya, kuma labarin baka ya danganta su da Durɓawa, gidan da ya mulki ƙasar kafin Korau, daga Kumayau har zuwa Sanau. A 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Baturen mulki H. R. Palmer ya haƙa wasu daga cikinsu. A 1992 aka sake haƙawa, daga baya aka kai kayan da aka samu birnin Mainz na ƙasar Jamus aka gyara su aka yi nazarinsu. An sami tasoshin ƙarfe da suka ƙetaro Sahara, da kayan ado na zinariya, da na hauren giwa, da wuri. Ke nan mutanen da muke taƙaita labarinsu da kalma ɗaya, "arna", suna da dukiya da ciniki mai nisan zango, da tsararriyar hanyar binne shugabanninsu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a Zariya a 1981, ya nuna yadda iko a wancan zamani yake ɗaure da bautar iskoki da wuraren da ake yin ta. Har yau sarautar Durɓi tana nan, shi ne hakimin Mani, kuma yana cikin masu zaɓen sarki.

Sai Bawada. Labarin baka ya ce wata tsamiya ce mai alfarma a wajen da birnin Katsina yake yanzu, kuma a gindinta aka yi kokawar da Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar da Sanau ya yanka shi, mulki ya bar hannun Durɓawa. Wannan ya faru ne a wajen ƙarni na 15. Ku lura da abin da ya rage da abin da ya tafi. Takobin da ake dangantawa da Korau, wato Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har yau. Gobarau, wadda ake danganta farkonta da wancan zamani, tana tsaye ana zuwa ɗaukar hoto. Amma ɗalibai nawa ne a Katsina suka taɓa jin sunan Bawada?

Kano ta fi mu sa'a ta wannan fuska, domin Tarihin Kano, wanda fassararsa ta Hausa ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya adana sunan Barbushe da Tsumburbura da dutsen Dala. Idan ka bi littafin a tsanake za ka ga abin bai ƙare a rana ɗaya ba. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, ya fasa gidan tsafin. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo aka gina masallaci a gindin itaciyar da ake girmamawa, masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sare itaciyar aka yi hasumiya a gurbinta. A zamanin nasa ne kuma aka kafa kasuwa a kurmin Jakara. Yau mutum zai yini yana ciniki a Kasuwar Kurmi bai taɓa tambayar kansa wane kurmi ake nufi ba. Duk da haka tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu ba, riga ta sake. An zo an naɗe Alƙur'ani cikin fatu ana kiran sa Dirki, ana yanka masa shanu don neman tsari, har zuwa lokacin Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, wanda ya sa aka farke shi.

Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar tsoffin sarakuna suka yi arewa, daga bisani suka kafu a Maraɗi. Sun tafi da sarautunsu da wasu al'adun fada, ciki har da sarautar Iya, wadda 'yan bori ke ƙarƙashinta. Don haka mai son ya fahimci tsohuwar Katsina, wani ɓangaren amsarsa yana ƙetaren iyaka, a Nijar.

Wannan tsallake ƙananan wurare ba mu kaɗai ya sama ba. Bari in ɗan fita da ku waje, zuwa ga Bani Isra'ila, saboda su an yi haƙe-haƙe masu yawa a ƙasarsu, an ga bambancin abin da littafi ya faɗa da abin da ƙasa ta ɓoye. Kowa ya san ɗakin ibadar da ake dangantawa da Annabi Sulaiman (AS) a Ƙudus, wadda Baibul na Hausa ke kira Urushalima. Littafin Sarakuna na cikin Baibul ya tsaya a kan cewa can kaɗai ya halatta a yi hadaya, ya yabi sarki Hezekiya da sarki Yosiya don sun rushe wuraren bauta na kan tuddai. Sauran wuraren, yawancinsu a dunƙule ya ambace su, cikin zargi.

Amma daga 1962 zuwa 1967, masu haƙa ƙarƙashin Yohanan Aharoni suka tono wani ɗakin ibada a cikin sansanin soja na Arad, a hamadar kudancin ƙasar, da farfajiyarsa da wurin yankansa da duwatsu biyu na ƙona turare. An tarar da duwatsun a kwance an lulluɓe su da ƙasa cikin kulawa, kamar wanda aka umarta ya rufe wurin amma zuciyarsa ba ta ba shi ya farfasa ba. A Biyasheba, a 1973, an sami sassaƙaƙƙun duwatsun wani wurin yanka an warware su an saka cikin bangon rumbun ajiya. A 2012 aka gano wani ɗakin ibadar a Motza, kimanin kilomita 7 kacal daga Ƙudus. Can kuma a Masar, a tsibirin da ke cikin kogin Nilu daura da Aswan, wasu sojojin Yahudawa sun yi nasu ɗakin. An rushe shi a shekara ta 410 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a 407 suka rubuta wa gwamnan Yahudiya wasiƙa suna neman goyon baya su sake ginawa. Wannan wasiƙa da ta tsira a cikin busasshiyar ƙasar Masar ita ta ba da labarinsu. Ɗakunan Arad da Motza da na tsibirin nan, babu ko ɗaya da Baibul ya ba da labarinsa.

To ga inda gizo ke saƙar. Su da dutse suka yi gini, shi ya sa bayan shekara fiye da 2,500 aka tono aka gani. Namu kuwa itace ne da kurmi da tukunya da ƙwaƙwalwar tsofaffi. Ranar da gatari ya ci tsamiya, mai labari kuma ya kwanta dama, babu mai haƙar da zai zo daga Jamus ya tono komai. Idan ba mu rubuta yanzu ba, shi ke nan.

Na san wani zai ce, mene ne haɗin Musulmi da tono labarin tsafi? Tambaya ce mai kyau. Malaman farko na Musulunci sun adana labarin jahiliyyar Larabawa, har Ibn al-Kalbi ya yi littafi sukutum a kan gumakansu da inda aka kafa kowanne. Wanda ya rubuta Tarihin Kano ma da haruffan Larabci ya rubuta labarin Barbushe. Sanin abu daban, bin sa daban. Wanda bai san abin da kakanninsa suka baro ba, ba zai san girman aikin da malaman da suka musuluntar da ƙasar nan suka yi ba. Kuma mu tuna har yau akwai Maguzawa a kudancin Katsina da ƙasar Kano, Hausawa ne 'yan'uwanmu, wasu sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, wasu na kan gadonsu. Idan ka je wurinsu da ladabi ka je, ba da izgili ba.

Akwai kuma ribar da mu marubuta za mu ci. Sau nawa muka karanta labarin Hausa da aka ce ya faru a zamanin da, amma boka yana zaune cikin kogo da ƙoƙon kan mutum da jan ƙyalle, kamar yadda ake nunawa a fim? Wannan hoton aro ne, kowa yana kwafa daga wani. Na gaskiyar ya fi shi daɗin labari: manomi da ke tsoron fari, da matar da ke neman haihuwa, da ɗan da ya dawo daga almajiranci ya ƙi cin naman yankan mahaifinsa, da mai garin da ke tsakanin liman da sarkin noma yana neman yadda zai raba gardama. A nan rikici yake, a nan tausayi yake.

Ga hanyoyi uku da na ga suna kai mutum ga irin waɗannan wurare. Ta farko, sunaye. Duk unguwa ko gona ko fadama da sunanta ke ɗauke da kurmi, ko kuka, ko dutse, ko kufai, ko kusheyi, ka tambayi dalili. Ta biyu, hane-hane. Inda aka ce ba a sara, ba a kamun kifi, ba a nuni da yatsa, ba a zuwa ranar kaza, sau da yawa tsohuwar alfarma ce ta rikiɗe ta zama tsoro. Ta uku, tsofaffin mata. Su ke riƙe da abin da maza suka ji nauyin faɗa. Ka tafi da goro da haƙuri, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a wayarka, ka rubuta rana da wuri, kada ka gyara wa mai magana Hausarsa. Abin da aka ce maka sirri ne, ka bar shi sirri. Abin da ka ji daga mutum ɗaya, ka rubuta cewa daga mutum ɗaya ka ji shi.

Aikin wannan mako ke nan. Kowa ya nemo wuri ɗaya a garinsu ko ƙauyensu, ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa, ya kawo mana abin da ya samo a ƙasan wannan rubutu, ko da layi goma ne. 'Yan Kankiya da Kusada da Ingawa da Musawa da Matazu, ku nake fara jira. Kada wanda ya ce sai an gama kaka. Ni na faɗi haka, ga shi kututture nake kallo.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a alƙalumanmu.