Daga Fim Zuwa Kwamfuta: Tarihin Hoton Gano Sankarar Mama

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaukar hoto a shekarun baya zai tuna yadda ake jiran mai hoto ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke fim. Haka hoton asibiti na gano sankarar mama, wanda ake kira mamogiram, ya kwashe shekaru ana yin sa kafin kwamfuta ta karɓi aikin. Ga yadda tafiyar ta kasance, da abin da sauyin ya haifar.

A shekarar 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire. A 1913 wani likitan fiɗa a birnin Balin, Albert Salomon, ya ɗauki hoton mama kimanin 3,000 da aka cire wa mata a tiyata, ya nuna cewa ana iya bambance nama mai cuta da mai lafiya a hoto. Sai dai hotunan wancan zamani dishi-dishi suke, don haka likitoci ba su rungumi abin ba. Sai a 1960 Robert Egan na birnin Houston a Amurka ya fito da hanyar da ke ba da hoto fes, wadda sauran asibitoci za su iya kwaikwaya.

A 1963 aka fara wani babban bincike a New York kan mata kimanin 62,000. An raba su gida biyu, ana kiran rabi zuwa gwaji, rabi kuma ba a kiransu. Daga baya aka ga mace-mace daga sankarar mama sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a cikin waɗanda ake gwadawa. Wannan ne ya buɗe ƙofar gwada matan da ba su ji ciwon komai ba. A tsakiyar shekarun 1960 kuma Charles Gros a Faransa ya ƙera na'urar farko da aka keɓe don hoton mama kaɗai.

Fim ya yi aiki, amma yana da nasa cikas. Sai an wanke shi da sinadarai, idan ya yi duhu ko haske da yawa babu gyara, sai a sake ɗauka. Kwafi ɗaya ne, in ya ɓata an rasa abin da za a gwada da hoton baɗi. Babbar matsalar ita ce mama mai tsaurin nama, wanda ya fi yawa ga mata masu ƙarancin shekaru: naman yana fitowa fari, ƙarin ma fari, sai ɗaya ya ɓoye ɗaya.

A watan Janairun 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar dijital ta farko, Senographe 2000D ta kamfanin GE. Nan take hoto ke fitowa a allon kwamfuta, likita ya ƙara masa girma ko haske, ya adana shi, ko ya tura wa ƙwararre a wani gari. A 2005 aka fitar da sakamakon binciken da Etta Pisano ta jagoranta kan mata sama da 49,000 a cibiyoyi 33 na Amurka da Kanada. Idan aka haɗa kowa da kowa, fim da dijital kunnen doki suka yi. Amma dijital ya fi gano cutar ga matan da ba su kai shekara 50 ba, da masu tsaurin nama, da waɗanda ba su daina al'ada ba.

Bayan ƙasashe da yawa sun koma dijital, masana a Jami'ar Sydney ta Ostareliya suka tattara bincike 24 da suka ƙunshi gwaji sama da miliyan 16, suka fitar da sakamako a 2020. Gano cutar ya ƙaru kaɗan, kamar mutum ɗaya a kowane gwaji 2,000, kuma ƙarin ya fi yawa a nau'in da ke cikin bututun nono bai yaɗu ba, wanda wani lokaci ba zai taɓa cutar da mace ba ko an bar shi. Matan da ake sake kira don ƙarin bincike sun ƙaru da kusan 7 a kowane 1,000, mafi yawansu kuma lafiyarsu ƙalau, sai dai fargaba da kashe kuɗi. Sannan yawan sankarar da ke ɓulla tsakanin gwaji da gwaji, wato wadda hoto bai kama ba, bai ragu ba. Ma'ana, sabuwar na'ura ta sauƙaƙa aiki, amma ba ta sauya sakamako yadda aka zata ba.

Wannan darasi ya shafe mu. Sankarar mama ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin matan Nijeriya, kuma mafi yawan masu ita ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa. A irin wannan hali, zuwa da wuri ya fi nau'in na'ura muhimmanci nesa ba kusa ba. Duk macen da ta ji ƙulli a mama ko hammata, ko ta ga kan nono ya lotsa ciki, ko jini na fita, ko fata ta sauya, ta je asibiti ba tare da jinkiri ba, ko da babu zafi. Wadda ta kai shekara 40 ta tambayi likita lokacin da ya dace ta fara gwaji. Idan an sake kiranki bayan hoto, kada ki tsorata, kada kuma ki ƙi komawa. Maza kuma, ku ba da izini da kuɗin mota tun abin yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.