Kaurin Shimfiɗa da Gaskiyar Awo a Haɗin Girafin da Manganis Oksayid

Tun daga 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare girafin daga jikin garafayit a Jami'ar Mancesta, masu binciken adana lantarki suke sa rai a kan wannan ganyen kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wanda faɗin fuskarsa a lissafi ya kai murabba'in mita 2630 a kowane giram. Sai dai ganyayen girafin sukan sake mannewa da juna har cajin da suke riƙewa ya ragu, shi kuwa manganis oksayid, wanda a lissafi ƙarfin riƙe cajinsa zai iya kaiwa farad 1370 a giram, lantarki ba ya ratsa shi da sauƙi. Dalilin haɗa su a ilektirod ɗaya, wato farantin da lantarki ke shiga ko fita ta cikinsa, shi ne kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

A hanyar haɗawa da lantarki, ana tsoma farantin da aka shafe da girafin cikin ruwan gishirin manganis, tare da wayar filatinam da kuma ilektirod na uku da ake gwada ƙarfin lantarki da shi, sannan a saki wuta, oksayid ɗin ya riƙa kwanciya a hankali har fuskar farantin ta yi duhu. Fifikon wannan hanya shi ne ba ta buƙatar danƙon mannewa, kuma mai bincike yana iya ƙayyade kaurin shimfiɗar ta tsawon lokaci da yawan wutar da ya saki.

A wannan kauri ne kuma matsalar take, domin siririyar shimfiɗa takan ba da adadin farad mai burgewa a kowane giram, amma da zarar ta yi kauri irin wanda masana'anta ke buƙata, sai cikinta ya daina shiga aiki, adadin ya faɗi. Yury Gogotsi da Patrice Simon sun ja hankali kan wannan ruɗi a mujallar Science a 2011. Hoton madubin ilektiron yana nuna siffar shimfiɗar, gwajin Raman yana bayyana lahanin da ke jikin kabon, amma babu ɗayansu da ke maye gurbin sikeli. Saboda haka wajibi ne kowane rahoto ya faɗi nauyin da aka ɗora a murabba'in santimita, da yawan zagayen caji da farantin ya jure, kafin a karɓi adadinsa a matsayin ci gaba.