Ɗan Aike a Cikin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta gajeren tsarin umarni ya san wannan buƙatar: ka aiki wata manhaja ta yi maka aiki, ka kuma karɓe amsarta a hannunka, maimakon ta zubar da ita a fuskar kwamfuta. Ni ma a nan Lusail, inda nake haɗa kundin digirina na biyu kan sanyaya gine-gine, tsarina yakan yi irin wannan aike sau ɗaruruwa a dare guda.

Abin ya samo asali ne daga Bell Labs ta Amurka. A shekarar 1964 Doug McIlroy ya kawo shawarar a riƙa jona manhajoji kamar yadda mai lambu ke jona tiyo da tiyo. Sai a 1973 Ken Thompson ya saka wannan bututu cikin Unix, an ce ma a dare ɗaya. A 1979 Bourne shell ta ba mutum damar kewaye umarni da waƙafin sama mai karkata baya, amsar ta faɗo cikin rubutunsa. Perl ta gaji dabarar a 1987. Sai dai saka aike cikin aike da wannan alama akwai ciwon kai, shi ya sa Korn shell ta fito da $( ).

Inda labarin ya fi ba ni sha'awa shi ne maganar kuskure. Da farko amsa da ƙorafi ƙofa ɗaya suke bi. Steve Johnson na Bell Labs ya ba da labarin yadda injin ɗab'insu ya tsara saƙon kuskure tsaf a kan takarda mai tsada, don bai san ba shi ne aikin ba. Daga nan aka buɗe wa ƙorafi ƙofarsa daban, wato stderr.

To 'yan uwa, ɗan aiken nan abu uku yake dawowa da su: amsa, ƙorafi, da lambar da ke nuna an dace ko ba a dace ba, sifili ke nan idan an dace. A ganina lambar ta fi amsar muhimmanci ga mai bincike, domin manhajar da ta mutu a hanya takan miƙo rabin alƙaluma, su shige kundi ba wanda ya lura. Python ta samu subprocess a 2004, ta ƙara capture_output a 2018, amma subprocess.run ba ya tsayar da aiki saboda lambar kuskure sai ka rubuta check=True da hannunka.