Daga Jami'ar Sidni Zuwa Rufin Gidajenmu

Yawancin farantan sola da suka cika kasuwanninmu daga ƙasar Sin ake shigo da su. Amma dabarar da ke cikinsu a wata jami'ar Ostireliya aka ƙirƙiro ta, kuma sai da ta shafe kusan shekara 30 a hanya kafin ta iso kan kwanon gidajenmu.

A 1954 ne masu bincike na kamfanin Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta silikon ta farko mai amfani. Kashi 6 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kanta take mayarwa lantarki, kuma tsadarta ta sa taurarin ɗan'adam ne manyan masu amfani da ita. Rikicin man fetur na 1973 ya farkar da gwamnatoci, suka fara zuba kuɗi a binciken hasken rana. Shekara ɗaya bayan haka, wani matashin malami mai suna Martin Green ya fara aiki a Jami'ar New South Wales da ke birnin Sidni, ya haɗa ɗan ƙaramin rukunin bincike.

Matsalar da suka sa a gaba ita ce asara. Wani ɓangaren haske yakan ratsa silikon ya wuce ba a amfana da shi ba, wasu ƙwayoyin lantarkin kuma sukan salwanta a bayan ƙwayar, inda silikon ya haɗu da ƙarfe. A 1983 Green ya fito da dabarar da aka sa wa suna PERC: a shimfiɗa siririn rufi a bayan ƙwayar, a bar ƙananan ramuka kaɗai da ƙarfe zai taɓa silikon. Rufin yana mayar da hasken ciki ya sake aiki, yana kuma toshe hanyar salwanta. Rukunin ya kai kashi 20 a 1985, daga baya ya kai 25.

A lokacin farashin mai ya sauka, masana'antu kuwa suna ganin dabarar ta yi tsada. Jami'a ce ta iya jira, domin ba ribar ƙarshen shekara ake tambayarta ba.

Abin da ya fi takardun bincike tasiri shi ne ɗalibai. Shi Zhengrong, ɗan ƙasar Sin, ya kammala digirinsa na uku a hannun Green a 1992. A 2001 ya koma gida ya kafa kamfanin Suntech a birnin Wuxi, a 2005 ya shigar da shi kasuwar hannun jari ta New York. Kuɗi suka kwararo, wasu kamfanonin Sin suka bi sahu, da dama daga cikinsu da tsofaffin ɗaliban Sidni a matsayin shugabannin fasaha. Suntech ya durƙushe da bashi a 2013, amma ilimin ya riga ya bazu. Wat ɗaya da ake sayarwa fiye da dala 70 a 1977 ya dawo ƙasa da rabin dala, kuma zuwa 2021 mafi yawan farantan da ake ƙerawa a duniya na PERC ne.

Mu ma ba a makare muka fara ba. Farfesa Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar tun 1969, an kuma kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato a 1982. Bambancin shi ne ɗaliban Sidni sun tarar da jari da masana'anta suna jiransu a bakin ƙofa.

Har yanzu da sauran aiki. Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. Zafin bazara da ƙurar hunturu namu ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba jami'o'inmu ne suka auna waɗannan suka nemo musu magani ba, za mu ci gaba da sayen farantin da aka gwada a ƙarƙashin ranar wasu.